Tabarmar Suruki a Gaban Mota

Hajiya Ƙande ta Magarya ba ta ba kowa aron babbar motarta. Katkat ce, mai jan ƙafa huɗu, mai buɗaɗɗen baya da aka sayo mata daga Kwatano, irin mai bwat otomatik, wato akwatin giya, wadda ke canza giya da kanta. Mas'udu ne direbanta. Ran da ya roƙi ta bar shi ya je ƙauyen su matarsa Zahara'u, can ƙasar Yekuwa, ya ɗauko wa surukinsa wake zuwa kasuwa, sai da ta daɗe tana kallonsa.

"Je ka," ta ce. "Amma ka san babu irin bwat ɗin nan a garin nan. In ya ƙone, motar ta zama akurkin kaji, kai kuma ka koma kabu-kabunka."

Mas'udu ya sani. Wada makaniki ya sha nuna masa. A gaban babban radiyata akwai wani ɗan ƙarami, ta cikinsa man bwat yake bi ya sha iska. In iska ba ta samu hanya ba, ga kaya, ga rairayi, ga zafin bazara, man zai dahu, faifan da ke ciki su cinye juna. Akwai kuma wata 'yar fitila a tablo, allon gaban direba, mai rubutun da Mas'udu bai iya karantawa. Wada ya ce masa ba sai ya karanta ba, in ta kama ya tsaya kawai, kuma kada ya kashe inji.

Ya isa ƙauyen da hantsi. Malam Baƙo, mahaifin Zahara'u, yana tsaye bakin rumbu ana loda buhuna. Mas'udu ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa, ya gaishe shi kai a ƙasa. Ko shekara ba a yi da auren ba. Bai taɓa cin abinci gaban tsohon ba, bai taɓa faɗin sunansa ba, kuma bayan gaisuwa ba su taɓa yin wata magana ba sai ta bakin wani.

Aka kira shi cikin gida ya gaida mata, ya sha fura a bayan danga. Da ya fito sai ya tarar an rufe gaban motar kaf da sabuwar tabarmar kaba, tun daga wannan fitila har waccan. An ɗaure ta da igiya, ɗauri mai kyau. Malam Baƙo yana goge hannu yana yi wa maƙwabcinsa bayani, da ɗan ƙarfi don wanda ake nufi ya ji.

"Rana za ta doke ta a fuska har Magarya. Ko san amalanke ana tausaya masa, bare dukiyar mutane da aka ba yaron nan amana. In mun isa sai a kwance a ba Zahara'u, dama ita na saƙa wa."

Mas'udu ya kalli tabarmar. Ya buɗe baki, sai ya ji yana cewa, "Allah ya saka da alheri."

Su uku suka zauna a gaba. Tsakiya aka sa Kulu, mahaifiyar Malam Baƙo, wadda za ta likita a duba mata ido. Ita kaɗai ce a gidan ba ta san kunyar Mas'udu ba. Mijin jikarta ne, don haka nata ne na wasa.

"Angona, matsa mini, ka cika wuri kamar buhun gero," ta ce. "Wannan ce motar da aka ce ba ta son a taɓa ta? Ina sandar da direbobi ke ta murɗawa?"

"Ita ke murɗa abinta, uwargida."

"To kai aikin me kake yi? A ba ni makullin mana."

Ya yi 'yar dariya, amma hankalinsa yana gaba. Suna fita gari ya saka ƙaramin giya yadda Wada ya ce a yi cikin rairayi. Motar ta riƙa nishi tana ja. Yana ta lissafi a ransa: in an kai wancan tudun zai yi magana. Aka kai tudun. In an wuce rijiyar can zai yi. Aka wuce rijiyar, mata masu ɗiban ruwa suna nuna tabarmar suna dariya.

Can sai dabara ta zo masa. Ya tsaya, ya ce wa Kulu zai duba taya. Ya zagaya motar yana buga tayoyin da ƙafa, har ya zo gaba. Nufinsa ya sassauta igiyar, tabarmar ta zame da kanta a hanya, a ce iska ce. Ya kama ƙullin ke nan ya ɗaga kai, sai ga Malam Baƙo yana kallonsa ta gilashi, yana gyaɗa kai, fuskarsa cike da jin daɗi. Mas'udu ya ja igiyar ya ƙara tamke ta. Ya dawo ya zauna.

"Yaron nan akwai kula," Malam Baƙo ya ce wa mahaifiyarsa.

Daga nan hanya ta shiga wani dogon kwari mai zurfin rairayi. Allurar zafi ta soma ɗagawa. Motar ta fara wani abu da bai taɓa ji ba: inji yana kuka sosai, amma tafiyar ba ta kai kukan ba. Sai fitilar ta kama.

Kulu ta ɗaga hanci. "Wa ke toya ƙosai da tsohon mai a dajin nan?"

Mas'udu ya karkata zuwa gindin wani gawo, ya tsaya, ya mai da giya wurin tsayuwa, ya bar inji yana aiki. Hannunsa biyu suna kan sitiyari. A ransa ya ga fuskar Hajiya Ƙande, ya ga kaji a kan kujerar da yake zaune.

"Inna," Malam Baƙo ya ce, "ce wa yaron nan ya kashe ta ta huta. In da ruwa a jarka a zuba mata."

Mas'udu ya sunkuya wajen kunnen tsohuwar. "Uwargida, ki ce wa Baba ba a kashewa. Kuma ki ce masa, wannan abin na gaba..."

"A'a," Kulu ta ce. "Ni ba salula ba ce. Tun safe kuke aika ni ina zaune. Ga ka, ga shi, tsakaninku ni kaɗai ce, kuma ba ni da kauri."

"Don Allah, tsohuwa."

"Yanzu na zama tsohuwa? Ɗazu uwargida ce."

Warin yana ƙaruwa. Mas'udu ya buɗe ƙofa ya sauka, ya zagaya ta baya, ya zo gefen da surukinsa yake. Ya tuɓe takalmi. Rairayin yana cin ƙafa, amma ya durƙusa, yana kallon taya.

"Baba, a yi mini gafara. Tabarmar ce. Ta nan gaba motar take shan iska. Rana ba ta yi mata kome, rashin iskar ne ke dafa man. In na kashe inji kuma man zai tsaya wuri ɗaya da zafinsa. Sai an kwance, Baba."

Malam Baƙo ya sauko a hankali, ya je gaban motar, ya kai hannu bayan tabarmar, ya janye da sauri. Ya nemi kwance ƙullin ya ƙi, don an ƙara tamke shi. Ya zaro wuƙa daga aljihu ya yanke igiyar. Tabarmar ta faɗi, wani huci ya bugo su duka biyu.

Malam Baƙo ya tsaya da guntun igiya a hannu. Da ya yi magana, ba ta bakin kowa ya yi ba.

"Tun daga gida ka sani?"

"E, Baba."

"Da ka sauka ka ƙara ɗaure ta fa?"

Mas'udu ya ƙara sunkuyar da kai. Daga cikin mota Kulu ta fashe da dariya har da tari.

"Baƙo, kai ka rufe wa mota hanci, shi kuma ya taya ka. Allah ya haɗa ku. Ku shimfiɗa mini tabarmar, in ba a kan mota ba tana da amfani."

Aka shimfiɗa mata a inuwa. Malam Baƙo ya zauna can gefe ya juya baya, yana ta naɗe igiyar a yatsa yana warwarewa. Mas'udu ya buɗe kapo, murfin inji, ya tsaya daga ɗaya gefen. Babu mai kallon wani. Wani mai amalanken jaki ya zo ya wuce su, ya yi musu sannu, ya tambaya ko ya ja su. Kulu ce kaɗai ta amsa masa.

Sai da inuwar gawon ta matsa sannan fitilar ta mutu. Mas'udu ya zaro sandar awon man bwat. Wada ya ce masa a kan farin ƙyalle ake gani: mai lafiya ja ne kamar zoɓo, ƙonanne kuwa baƙi ne kamar ruwan bagaruwa. Ya laluba aljihu, tsummansa duk ya yi baƙi. Yana waige-waige sai ya ga an miƙo masa bakin hannun farar riga.

"Goga nan."

"Baba, rigar kasuwa ce."

"Goga."

Ya goga. Tabon bai yi ja ba, bai kuma yi baƙi ba, ya tsaya kamar tofin goro. Malam Baƙo ya kai hannun rigar kusa da ido.

"Ta mutu?"

"Da sauranta, in Allah ya so. Amma sai an zubar da man nan an sa sabo. Kuma sai na gaya wa Hajiya."

"Ni na ɗaure. Kafin kasuwa ka kai ni gidanta."

Mas'udu ya so ya ce a'a, ya ga maganar da ya yi yau ta isa.

Suka tashi a hankali, tabarmar a naɗe kan cinyar Kulu. Har suka hau kwalta idon Malam Baƙo bai bar tablo ba. Can ya nuna da yatsa ya tambaya ko wannan ce fitilar. Mas'udu ya ce a'a, ta kusa da ita ce.

A zauren Hajiya Ƙande tsohon ya faɗi abin da ya yi, bai rage ba, sai dai bai ambaci ƙara ɗaurin ba. Mas'udu yana durƙushe bakin ƙofa, da kansa ya faɗi wannan. Hajiya ta rufe baki da gefen mayafi tana ɓoye dariya. Ta aika aka kira Wada, ya zubar da man a kwano, ya murza shi tsakanin yatsu yana neman garin ƙarfe. Ya ce an yi sa'a, amma da an ƙara wani kwarin da sai dai labari.

"Riƙe makullinka," Hajiya ta ce wa Mas'udu. "Gobe ko liman ne ya ɗaure, ka kwance."

Da yamma Zahara'u ta warware tabarmar a tsakar ɗaki. A tsakiyarta kabar ta yi duhu, da sawun ƙarfen gaban mota layi-layi. Ta shinshina, ta tambayi mijinta me ya same ta.

"Ki tambayi Kulu," ya ce, ya ɗauki buta ya fita.