Wuƙar Kaka Ta Yi Ƙyalli

Ranar Talata ce, ruwa yana ta tsiyaya tun asuba, bai yi ƙarfi ba kuma ya ƙi ɗaukewa. Dogo ya dawo da Inna daga asibiti, ta rufe idonta na hagu da gefen mayafi. Likita bai ɓoye musu komai ba: in ba a yi aiki a makon nan ba, idon ya tafi. Duk ƙofar da Dogo ya ƙwanƙwasa neman kuɗin aikin, haƙuri aka ba shi.

Sai ya tuna da wuƙar farautar kakansa, wadda take kwance a ƙasan akwatin Inna tun rasuwar Baba. Ya zaro ta daga kube. Ƙarfen ya yi baƙi ƙirin, ƙotarta ta ƙaho ta tsage, kusa da ita kuma ga wani ɗan tambari da ƙyar ake gani. Ya ɗauki hotonta da waya, ya tura wa wani dillalin tsofaffin kaya da ke bayan tasha.

Bai ajiye wayar ba dillali ya kira.

"Samari, kada ka nuna wa kowa. Gobe ka kawo min ita."

Dogo ya ji kwaɗayi a muryar, murna ta kama shi. Amma da ya sake duban wuƙar, sai kunya ta kama shi. Ya taɓa sayar da tsofaffin wayoyi a bakin titi, ya san abin da ya yi ƙyalli shi ke kawo kuɗi. Ya soke ta a riga, ya nufi rumfar abokinsa mai walda.

"Kai, wannan daga kabari ka tono ta?" in ji mai walda. "Ko albasa ba za ta yanka ba."

"Bar surutu, idon Inna ne. Mayar min da ita sabuwa."

Mai walda ya daina dariya. Ya kunna injin goge ƙarfe, tartsatsi ya riƙa tashi, ya bi ta ciki da baya har Dogo yana ganin fuskarsa a jiki. Ya fasa tsagaggen ƙahon, ya sa mata jar ƙotar roba. Kuben mai wari kuwa, Dogo da hannunsa ya wurga shi kwata, ruwa ya tafi da shi. Mai walda ko sisi ya ƙi karɓa.

Washegari dillali ya share tebur, ya ɗauko gilashin dubawa. Da Dogo ya warware tsumma, sai mutumin ya ajiye gilashin.

"Ina wadda na gani a hoto?"

"Ita ce, Alhaji. Gyara ta na yi."

Dillali ya juya ta, ya shafa wurin da tambarin yake. Sumul.

"Tambarin nan shi zai gaya mana maƙerin da ya ƙera ta da garinsu. Ƙahon da baƙin nan su za su nuna shekarunta. Yanzu da me zan rantse wa mai saye? Irin wannan ga su can tuli a kasuwa."

"Ga hoton, Alhaji! Don Allah duba, ita ce wallahi!"

"Hoto nake sayarwa?"

Dogo ya durƙusa a ƙasa, ya kama ƙafar tebur, ya faɗi maganar Inna. Dillali ya kawar da kai, ya tura masa wuƙar a hankali.

Ya koma rumfar walda a guje, ya tona shara, ya tsinci ɓallin ƙaho bai kai farce ba. Ya bi kwatar har inda ta shige ƙarƙashin titi.

A gida Inna ta ji motsinsa, ta juyo da ido ɗaya.

"Ɗan nan, an dace?"

"Ana kai, Inna."

Mako ya ƙare. Tambari ya tafi, ƙaho ya tafi, kube ya tafi, sai idon Inna na hagu ya bi su.