Masarar da Ba Ta Mutuwa

A ofishin da ake haɗa wasan, Mai Zane suke kiranta, don ita ke zana komai: masara, ciyawa, tsutsa, har da girgijen da yaro zai taɓa da yatsa ruwa ya sauko. Wasa ne na waya, na koya wa yara noma. Ka shuka, ka yi ban ruwa, ka cire ciyawa. In ka yi sakaci shuka ta bushe, sai wani manomi da ke gefen allo ya yi maka magana.

Muryar manomin nan ta yayanta ce. Sun gwada 'yan wasan kwaikwayo, kowa ya zo ya rangaɗa kamar mai karanta labaran rediyo, har ta gaji ta ɗauki na'urar naɗar murya ta tafi gonar Yaya. A ɗakin ajiyar buhuna ta zaunar da shi, ta miƙa masa takarda. Gajerun kalmomin da ƙyar ya karanta su, yana harararta: madalla, zuba ruwa, cire ciyawa. Amma da aka zo inda shuka ta mutu sai ya ajiye takardar, ya ce ba haka ake gaya wa yaro ba. Ya dubi 'yarsa Auta da ke zaune kan buhu, ya yi nasa:

"Haba, share hawayenki. Ni ma tawa ta sha mutuwa. Taso mu sake shukawa, ina nan tare da ke."

Aka sa shi ya maimaita don yara maza, ya yi, amma bai kama ƙafar na farkon ba.

Damina ba ta fita ba Yaya ya rasu. Zazzaɓi ne da kowa ya raina, shi ma ya raina.

Bayan nan Mai Zane ba ta sake buɗe wasan da sauti ba. Aiki kuwa bai tsaya don ita ba. Manaja mutum ne da in ya ga alƙaluma sun yi ƙasa sai cikinsa ya ɗuri ruwa, kuma ya gano inda yara ke gudu: da zarar masara ta bushe sai su rufe wasan, ba su dawowa. Don haka ya yanke cewa a sabon wasan shuka ba za ta mutu ba. Za ta ɗan yi yaushi, ta jira, ta miƙe. Wurin mutuwar da maganar da ke cikinsa, a cire.

Cikin masu buga wasan, mutum ɗaya ne ya ƙi guduwa. Injiniya, mai rubuta manhajar, ya raɗa masa suna Annoba, don kullum sai ya shuka ya kashe, ya sake shukawa ya kashe, bai taɓa girbe ko zangarniya ɗaya ba. Ofis ya yi ta dariya. Mai Zane ma ta yi.

Ranar hutu ta je gaida matar Yaya. Ta tarar da Auta a lungun kicin, tsakanin randa da kwandon albasa, riƙe da wayar uwarta. Ta tsaya a bayanta. Yarinyar ta shuka masara, ta naɗe hannu, tana kallo ganye ya yi rawaya, ya lanƙwashe, ya faɗi. Sai ta yi maza ta kara wayar a kunne, ta rufe ido.

Matar Yaya ta ce haka take yini. Ta yi faɗa, ta yi lallashi, ta ɓoye wayar, daga baya ta ga a nan kaɗai yarinyar ke samun sauƙi, sai ta ƙyale ta. Nan Mai Zane ta gane ko wace ce Annoba. Kunya ta kama ta, da ta tuna dariyar da ta yi.

Washegari ta shiga wajen Manaja ta gaya masa ko wace ce Annoba. Ba mugu ba ne; har ya cire tabarau ya yi addu'a ga mamacin. Amma ya ce makarantu sun riga sun ga sabon tsarin sun amince, ba zai riƙe dubban yara saboda yarinya ɗaya ba, ko da tasa ce. Ta roƙi a bar wa wayar gidan tsohon wasan. Injiniya, yana kallon ƙasa, ya ce ranar da sabon ya fita tsohon zai daina buɗewa. Abin da zai iya shi ne ya ciro mata muryar, ta kai wa yarinyar.

Da hannunta ta zana masarar da ba ta mutuwa. Ta yi kyau kuwa, abin haushi.

Ranar da aka saki sabon wasan, ofis na tafi, ita ta ɗauki jaka ta fita. Ta sami Auta a lungun nan, ta shuka tun safe, masara ta yi yaushi ta miƙe, ta yi yaushi ta miƙe.

"Gwaggo, ta ƙi mutuwa," in ji yarinyar.

Mai Zane ta durƙusa, ta ciro wayarta, ta kunna muryar. Yaya ya cika kicin ɗin. Ta ce yanzu ba sai an jira ba, duk lokacin da ta so sai ta danna, ko sau nawa. Auta ta saurara har ƙarshe, ta danna, ta sake saurara. Sannan ta miƙa mata wayar.

"Wannan ba da ni yake ba, Gwaggo. Shi kaɗai yake magana. A can sai ya ga tawa ta mutu yake zuwa."

Mai Zane ta karɓi wayarta. Yarinyar ta ja wayar uwarta, ta share gonar, ta shuka sabuwar masara. Ta naɗe hannu tana jira.