Jirgin da Ke Bi ta Ƙarƙashin Teku

Tun daga Safo Ɗelu take faɗa a kan amalanke, har ta sauka Madarumfa bakinta bai huta ba. Ɗanta Al'amin, malamin lekol, wato makarantar boko, ya yi alkawarin nome mata gona a hutun damina, sai ga labari wai shi da matarsa Hasana Faransa za su.

Ta tarar da su a tabarma, sun baje taswira.

"Kai, mara kunya. Ciyawa ta shaƙe mini gero, kana nan kana shirin yawo?"

"Inna, tikitin jirgin ƙasan da za mu shiga a can muke zaɓa," in ji Hasana a hankali. "Wannan Faransa kaɗai. Wannan kuwa har Ingila, ta ƙarƙashin teku jirgin yake bi."

"Ƙarya kike."

"Wallahi, Inna. Rami suka haƙa, bara aka buɗe shi."

Ɗelu ba ta san sa'ad da ta zauna ba. Ta san tabkin garin nan, ta san mutanen da ya ci. Ga wasu can suna ratsa ƙarƙashin ruwan da ya fi shi sau dubu, a zaune kan kujera, ko ƙafarsu ba ta jiƙa. Ta daɗe tana kallon shuɗin wurin a takarda.

"Ikon Allah," ta ce. "Na tekun za ku saya, ku dawo ku faɗa mini. Amma ba inda za ka sai ka gama gonata. Gobe da hauya nake son ganin ka."

"To, Inna," in ji Al'amin.