Ruwan Kwalaben Naja'atu

Naja'atu tana shanyar wanki ta jiyo muryar Kawu Bobbo daga bayan gida.

"Sun ƙare! Ko ɗaya bai rage ba!"

Ta leƙa ta katanga. 'Ya'yan kifin da kawun nata ya zuba a tankin siminti sun taso sama, cikinsu fari fat. Ruwan da shekaranjiya yake kore shar da gansakuka ya koma fari-fari kamar tsari.

Nan take ta tuna da kwalabenta.

Shekara biyu ke nan tana digiri na biyu a Zariya, a kan gansakukar teku, irin ƙananan da kifaye ke rayuwa a kansu. Tana rainonta a kwalabe cikin ruwan gishiri, ta zuba mata garin tutiya mai laushin da ido ba ya gani, irin wanda ke fita daga fenti da man shafawa ya gangara teku, sannan ta rubuta yadda take mutuwa. Da aka shiga yajin aiki ta kwaso kwalaben zuwa gida Malikanchi. Shekaranjiya ta gama awonta, ta rasa inda za ta zubar da ragowar, sai ta tuttule a tankin, ta ɗauraye kwalaben a ciki. Ta ce a ranta, ɗan wannan me zai yi?

Kafin azahar Kawu ya kai maƙwabcinsu Malam Ya'u ƙara wurin mai unguwa, don gonarsa ce ke jikin katangar, kuma an ga yana feshin ciyawa ranar Talata.

Ta zura hijabi ta bi su. A ƙofar gidan mai unguwa ta tarar da dattawa bisa tabarma, Malam Ya'u a gefe, kansa a ƙasa. Ta durƙusa nesa kaɗan ta gaishe su.

"Yawwa, ga 'yar boko," in ji Kawu. "Ranka ya daɗe, wannan aikinta ke nan a jami'a. Naja'atu, gaya musu abin da maganin feshi ke yi wa ruwa."

Da ta ce e kawai, da magana ta ƙare.

"Kawu, ba feshi ba ne."

"To mene ne?"

"Ruwan kwalabena ne. Ni na zuba."

Mai unguwa ya gyara zama.

"'Yar nan, kin san yana kisa?"

"Na sani, ranka ya daɗe. Abin da nake rubutawa ke nan."

Kawu Bobbo bai dube ta ba. Ya cire hula, ya shafa kai, ya mayar, sannan ya matsa gaban Malam Ya'u ya miƙa masa hannu biyu.

"Malam, na ci zarafinka a gaban mutane. Ka yafe mini."

Malam Ya'u ya riƙe hannun, ya daɗe bai saki ba. Da ya ɗago, Naja'atu ya duba.

"Allah ya yi miki albarka," ya ce a hankali. "Wallahi ni ma na ɗauka feshina ne. Da kin ƙara jinkiri kaɗan, da na amsa laifin."