Gwaggo a Hawan Dutse

Motar ta girmi Auta nesa ba kusa ba, shi ya sa tun tana rarrafe ake ce mata ta gaishe da Gwaggo, sunan kuma ya bi motar. Tsohuwar bas ce mai inji a baya, irin wadda ba ta da lagireto, ba ta shan ruwa, iskar fanka kawai ke sanyaya ta. Baba, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana kanikanci, da ita ya yi jigilar da ta ciyar da gidan. Yanzu idonsa ya yi rauni, likita ya hana shi tuƙi, babban ɗansa kuma, wanda Auta ke kira Yaya, ya dame shi da waya a kan a kira 'yan gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe, su kwashe ta kafin ta kashe wani.

Auta ce ta ƙi. Ita ke riƙe da garejin tun da idon ya fara, kuma ta ce a bar mata motar. Baba mutum ne mai taurin kai, ba ya ba da abu don an yi masa kuka. Ya ce ta tuƙa shi zuwa gidan ƙanwarsa da ke bayan dogon hawan nan, su je su dawo. Idan Gwaggo ta dawo da ƙafarta, ta zama ta Auta. Idan injin ya ƙone, Yaya ya yi gaskiya.

Abin da ya ɓata masa rai shi ne agogon zafi da ta ɗaura kusa da sitiyari. Ta sa wani ɗan zobe a ƙarƙashin fulogin da ya fi ɗaukar zafi, ta jawo waya tun daga baya har gaba.

"Ni da hannuna nake gane zafinta," in ji shi. "In na zaro sandar baƙin mai na iya riƙewa, lafiya take. In ta ƙona ni, a tsaya."

"Baba, ai sai an tsaya kake taɓawa. Wannan muna tafe yake gaya mini."

"To, Allah ya ba da sa'a, injiniya."

Da safen tafiyar, tana ciki tana shiri, ya lallaɓa ya buɗe murfin injin ya duba mai da kansa, don bai gama yarda da awon kowa ba. Ya rufe kafin ta fito, ya shiga gaba ya zauna yana muzurai kamar mai gwajin lasisi.

A shimfiɗaɗɗiyar hanya bai samu abin kushewa ba, kuma ya nema. Tana sauya giya a kan lokaci, ba ta barin injin ya yi nishi. Da suka fara hawa sai ta rage giya tun kafin ya buɗe baki, ya haɗiye maganarsa. Rana ta take, manyan motoci suna wuce su suna hon. Ana cikin haka ya ji ta ɗaga ƙafa daga totur.

"Me ya faru?"

"Allura na hawa, Baba. Ta wuce inda ta saba."

Ya karkata kunne. Injin na kaɗawa sumul, ba ƙara, ba tari.

"Ƙarya agogonki yake yi. Taka mu haye, a gangara za ta huce."

"Ba zan taka ba."

"Ke, ni za ki gaya wa halin Gwaggo?"

Ta lallaɓa motar zuwa wani fili a gefen titi inda ƙasa ta daidaita, ta kashe. Baba ya sauka a fusace, ya bi jikin motar da hannu har baya, ya buɗe murfin ya cafki sandar mai don ya kunyata agogon. Ai kuwa ya sake ta ba shiri, yana yarfe yatsu. Auta ta yi kamar ba ta gani ba, wanda ya fi a yi masa dariya ciwo.

Suka zauna a inuwar motar sai da injin ya huce. Ta duba bel ɗin fanka, lafiya lau. Ta zura hannu ta bayan gidan fanka, ta jawo wani abu ta cusa a aljihu da sauri.

"Tsumma ne fanka ta zuƙa ya toshe iska," in ji ta. "Ta yayyaga shi, sauran ya gangara kan injin. Sai na shiga ƙarƙashi na kwance kwanon da ya rufe injin na cire."

"To ɗan ɗaga ta da jak ki leƙa, ai ba daɗewa za ki yi ba."

Shi da bakinsa ya faɗi haka, shi da ya sha korar ma'aikata daga garejinsa a kan wannan gangancin. Haushi ne da zafin rana. Auta dai ta ci gaba da abin da ke gabanta. Ta ja birkin hannu, ta sa giya, ta samo duwatsu ta tokare tayoyin gaba ciki da waje. Ta shimfiɗa katako a ƙasa ta ɗora jak a kai. Ba ta sa shi a ramin jak na gefen motar ba, don tsatsa ta gama cin wurin, ta kai shi ƙarƙashin ƙarfen da ke ɗauke da nauyin baya. Da motar ta ɗagu, ta fito da ƙafafun ƙarfe guda biyu daga bayan kujera, ta kafa su dama da hagu, kowacce a kan katakonta, ta sassauta jak har nauyin ya zauna a kansu. Sannan ta dafa motar da kafaɗa ta girgiza ta da ƙarfi. Ko motsi ba ta yi ba.

"Sai yamma ke nan," Baba ya yi gunaguni.

"Gara yamma, Baba."

Ta kwanta ta shige. Shi ba ya ganin komai sai duhu-duhun ƙafafunta, yana jin ƙarar sifana. Can sai ga wata tirela ta gangaro a guje, ta wuce daf da su har ƙasa ta girgiza, iskarta ta bugi Gwaggo. Wani ƙarfe ya faɗi a ƙarƙashin motar, ƙwal!

Baba bai san lokacin da ya zube a gwiwa ba. Ya laluba ya damƙi idon sawunta yana ja.

"Auta! Auta!"

"Wayyo Baba, za ka cire mini ƙafa! Jak ne ya zame, ba komai a kansa."

Ya miƙa hannu ya shafa. Jak na kwance a gefe, ya sauka daga katakonsa. Ƙafafun ƙarfen nan biyu suna tsaye daram, motar na zaune a kansu. Ya daɗe a durƙushe yana riƙe da ɗaya daga cikinsu. Ya san da ta bi maganarsa, da gawarta zai ɗauka zuwa gida.

Da ta gama ta ɗaure kwanon, ta sake ɗaga motar ta zare ƙafafun, ta sauke ta a hankali, sai ya miƙa mata hannu.

"Ba ni tsumman."

"Na titi ne, Baba, iska ce ta kwaso."

"Ba ni, na ce."

Ta ba shi. Yatsunsa suka ci karo da maɓalli da bakin aljihu. Tsohuwar rigarsa ce da yake goge sandar mai da ita, shi ya bar ta a cikin injin da safe. Yarinyar ta gane tun ɗazu, ta rufa masa asiri, ta sha faɗansa a kai ba ta ce uffan ba. Kunya ta kama shi, amma alfahari ya fi kunyar yawa, har ya ji ƙirjinsa ya yi masa kaɗan. Shi ya koya mata aikin nan, ga shi ta fi shi.

Suka shiga, ta tayar da injin. Ya tambaye ta inda allura take, ta ce ta koma mazauninta. Kafin ta sa giya waya ta yi ƙara a aljihunsa, ta duba masa ta ce Yaya ne. Ya kara a kunne.

"Baba, kun isa kuwa, ko in turo a jawo ku? Mai gwangwan ɗin yana ta nemana."

"Ka ce masa ya daina wahala," in ji Baba, da ƙarfi yadda Auta za ta ji. "Ni ba ni da motar sayarwa. In yana so, ga mai ita nan a kusa da ni, ya tambaye ta."

Ya kashe wayar ya gyara zama. Auta na riƙe da sitiyari ba ta motsa ba, yana jin tana jan hanci.

"Baba, ai ba mu dawo ba tukuna."

"Na ga abin da zan gani. Ja mu je, direba, rana na yi."