Gidan da Hamdatu Ta Wuce

Likita ne ya jawo wannan tafiya. Ya dubi Saani ya ce masa jininsa ya hau, kuma zaman da yake yi wuni guda cikin minicab, tasin da yake tuƙawa, yana zagaya unguwar Tottenham a London shi ne zai ƙarasa shi. Ya rage gishiri, ya motsa jiki, ya sha iska. To Saani mutum ne da ba ya yin abu rabi da rabi. Wani da sai ya fara da kewaya filin wasan yara na bayan flat ɗinsu, shi kuwa sai da ya binciko wani ƙauye can cikin Essex, inda wani fasinja ya ce masa ana ba da hayar kekuna kusa da tashar jirgin ƙasa.

"Na riga na yi booking, Hajiya," in ji shi ga matarsa Hamdatu. Ba ta taɓa zuwa Makka ba, amma haka yake kiranta in yana son ta yarda da abu. "Ke ba 'yar Tamale ba ce? Ku da kuke koyon keke kafin ku koyi tafiya."

"Baban Katumi, rabona da keke tun ina budurwa."

"Ƙafa ba ta mantuwa."

Ran Lahadi suka bar 'yarsu Katumi wajen maƙwabciya, suka ƙulle waakye, wato shinkafa da wake, cikin roba, suka hau jirgi.

Ƙauyen kam ya yi kyau, ba sai an faɗa ba. Ga tafki da agwagi, ga tumaki jibga-jibga suna kiwo babu makiyayi, ga furanni a bakin kowace taga. Saani ya tsaya gaban wani gida mai rufin ciyawa ya yi ta dariya har da riƙe ciki. Wai a gida talaka ne ke kwana ƙarƙashin ciyawa, nan kuwa sai mai hannu da shuni. Hamdatu ta yi dariya ita ma, amma ranta bai kwanta da garin ba. Shiru ya yi yawa. Sun ratsa shi daga wannan baki zuwa wancan, ba yaro a waje, ba tsohuwa a ƙofar gida, ba wanda za a ce wa sannu. Ta ce masa garin kamar an yi annoba. Ya ce mata haka Bature ke hutawa.

Suka fita bayan gari, suka bi wata siririyar hanya mai shingen itatuwa dama da hagu. Can suka tarar da hawa. Hamdatu ta sauka tana tura nata keken, kamar yadda kowane mai hankali zai yi. Saani fa? Ina! Ya miƙe tsaye kan feda, mutumin da ya yi shekaru bai taka komai ba sai totur, yana waiwayenta yana cewa ta zo ta kama shi.

Bai kai ƙarshen hawan ba keken ya yi gefe, ya zube cikin ciyawa.

Da farko ta ɗauka wasa ne, har ta buɗe baki za ta yi masa tsiya. Da ta iso ta ga fuskarsa ta yi fari fat kamar toka, gumi na tsiyaya, hannunsa dafe da ƙirji. Ta durƙusa kusa da shi.

"Baban Katumi, mene ne? Yi mini magana."

"Ƙirjina," ya ce da ƙyar. "Je ki kira mutane."

"Ba zan bar ka nan kai kaɗai ba."

"Hamdatu, je ki."

Da ya kira sunanta haka, babu Hajiya babu zolaya, ta san abin ya kai. Ta tuɓe rigar sanyinta ta tura ƙarƙashin kansa, ta tofa masa addu'a, ta haye keke ta gangara. A wancan zamani babu wayar hannu, in kana neman taimako sai ka nemo mutum da ƙafarka.

Gidan farko yana can cikin lambu, an kewaye shi da ɗan shinge da bai kai ƙugunta ba. Ta yar da keken ta tsaya a bakin ƙofar shingen tana tafa hannu. "Gafara dai! Hello! Please!" Ga ƙofar nan ko sakata babu, yaro ma zai tsallake ta, amma Hamdatu ta tsaya tana jiran a ce ta shigo, don haka aka rene ta. Wani kare ne ya amsa mata daga ciki. A gida na biyu ta yar da kunya, ta kutsa cikin lambun ta daki ƙofa da hannu biyu har tafinta ya yi zafi. Ta leƙa taga, ta ga kujeru da agogon bango da kyanwa kwance. Gida na uku ma haka.

Ta tsaya tsakiyar titi tana haki. Ina mutanen garin nan suka shiga? Sai ta tuna yau Lahadi. Ai kuwa! A gida, ran Lahadi Kiristoci na coci har rana ta take, da kiɗa da waƙa. Ta hango hasumiyar cocin a ɗaya bakin garin, ta tattara zaninta ta zuba da gudu.

A kan hanyar akwai wani farin gida mai allo rataye da hoton doki, motoci jere a gefensa, warin giya na fitowa ta taga. Pub ne, gidan giya. Wallahi Hamdatu ba ta tsaya ta yi shawara da zuciyarta ba, jikinta ne ya yi abin da ya saba. Tun zuwanta London, in za ta wuce irin wannan wuri sai ta tsallaka titi, ta rage sauri kada a ce da ita wani abu, ta gyara ɗankwali, ta kau da kai. Haka mahaifinta ya hore su, ko inuwar gidan giya 'yarsa ba ta tsayawa. Yau ma haka ta yi. Ta tsallaka, ta kafa ido kan wani tsohon gini da ke ɗaya hannun, sai da ta wuce sannan ta ci gaba da gudu.

Ƙofar cocin a buɗe take. Ta faɗa ciki tana kira, muryarta ta daki bango ta dawo mata. Benci ne jere babu kowa, sai sanyi da ƙamshin kyandir. An tashi tuni, in ma an taru. A waje kuwa kaburbura ne kewaye da ita.

"Ya Allah, kada ka ɗauke shi a jejin nan," ta ce. "Ya Allah, Katumi ƙarama ce."

Sai wata dabara ta faɗo mata. Kowane gari da mai shi, kuma baƙon da ya shiga uku gidan mai gari yake nufa. Ta tuna wani katafaren gida mai dogayen bishiyoyi da suka gani da shigowarsu. Ta juya da baya. Ta sake zuwa daidai farin gidan nan, ta sake tsallakawa, ta sake kau da kai. Wannan karon har dariyar mutane ta ji da ƙarar cokula, amma kunnenta bai ɗauke su a matsayin mutanen da take nema ba. Mashaya ne, me mashayi zai yi mata?

Katafaren gidan na da ƙofar ƙarfe, an ɗaure ta da sarƙa. Ta kama ta tana jijjigawa tana kuka, takalminta ɗaya ya tsinke, ta bar shi nan. Babu mai gari, babu mai gadi. Nan ta durƙusa. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba, ta hango a ranta mijinta kwance shi kaɗai yana sauraron hanya, yana cewa yanzu za ta dawo.

A durƙushen nan ne dariyar ɗazu ta dawo mata a kunne. Mutane ne fa. Suna da motoci, suna da waya.

Ta tashi da takalmi ɗaya. A bakin ƙofar gidan giyar ta yi a'uzubillahi, ta tura. Ashe duk garin yana nan. Tsofaffi da jikoki, mata da jarirai, kowa da farantin nama da dankali a gabansa, abincin ranar Lahadi suke ci. Aka juyo ana kallonta.

"My husband," ta ce. Sauran Turancin ya gudu, sai ta dafe ƙirjinta ta nuna hanya.

Ba ta ƙara kalma ba wurin ya hargitse. Matar da ke bayan kantar sayar da giya ta ɗauki waya. Wani ƙaton mutum ya ture kujera ya zaro makullin mota. Wata dattijuwa mai farin gashi ta ce ita nas ce kafin ta yi ritaya, ta kama hannun Hamdatu ta tura ta cikin motar. Kafin ta gama share hawaye sun kai. Tafiyar ba ta da nisa ko kaɗan, wannan ma ya ƙara ƙona mata rai.

Saani na nan inda ta bar shi, sai dai ya juyar da fuskarsa wajen gangaren da ta bi. Dattijuwar ta durƙusa ta taɓa wuyansa, ta yage masa riga, ta shiga danna ƙirjinsa tana hura masa iska a baki. Ta ce jikinsa da ɗumi, bai daɗe ba. Ta yi ta yi har hannuwanta suka gaji, ƙaton nan ya karɓe ta, ta sake karɓa. Hamdatu na riƙe da ƙafarsa tana kiran sunansa na yanka, abin da ba ta taɓa yi a gaban mutane ba. Da aka fara jin jiniyar motar asibiti daga nesa, dattijuwar ta riga ta zauna a ƙasa ta sauke hannu.

Ta matso ta rungumo kafaɗar Hamdatu. Ba da faɗa ta yi maganar ba, ita ma idonta ya cika.

"'Yata, mun gan ki fa ta taga. Kin wuce, kin dawo kin sake wucewa, kina tafiya a hankali kina kallon tsohon ginin can. Muka ce baƙuwa ce ta zo ganin gari. Me ya hana ki shigowa?"

Hamdatu ta buɗe baki. Ta nemi amsar da Turanci ta rasa, sai ta faɗe ta da Hausa, a hankali, tana duban mijinta.

"Gidan giya ne."

Dattijuwar ba ta ji abin da ta ce ba. Hamdatu kuwa ta ji.