Gajeren Dabinon Munzali

Shekara ashirin da shida Munzali ya yi yana aikin rainon shuke-shuke a Ɗa'ifa, can saman duwatsu inda ake sanyi. Da gwiwoyinsa suka gaza, ya dawo gidansa na unguwar Mansur a Makka ɗauke da rabin duro, cikinsa wani gajeren dabino mai ganye kamar mafici. Tsawonsa bai wuce ƙugu ba, kuma ba ya 'ya'yan ci. Ya kai shi saman soro, ya kewaye shi da gwangwanayen na'ana'a da ɗoɗɗoya.

"Wannan ko ƙanƙara ta sauka a kansa ba ya gezau," yakan faɗa wa matarsa Shatu.

"To, Alhaji, a Makka wace ƙanƙara za ta same shi?"

Sai ya yi dariya kawai.

Bayan aikin Hajjin bana Allah ya yi masa rasuwa. Shatu na takaba, ba fita, sai ta mayar da soron wurin zamanta. Rana na dukan dabinon, ita kuwa tausayinsa ya hana ta sukuni. Ta riƙa ba shi ruwa safe da yamma. Ganyen ya fara yin rawaya, ta ƙara. Har Zamzam ta juye masa.

Da abin ya ƙi, 'yarta Tahani ta kira Muhsin, tsohon abokin aikin mahaifinta. Ya zo ranar Juma'a, ya durƙusa, ya cusa yatsa cikin ƙasar. Da ya ja tohon tsakiya, sai ya zare ba wuya, yana ɗoyi.

"Hajiya, sau nawa kike ba shi ruwa?"

"Biyu kullum. Wani sa'in uku."

Tahani ta yi saurin ce masa da Larabci ya yi shiru.

"A garin nan aka haife ni, Tahani, ina jin ki," in ji Shatu. "Malam Muhsin, faɗa mini."

Ya sunkuyar da kai. "Saiwar ce ta ruɓe. Irinsa sai ƙasa ta bushe ake ƙara masa. Marigayi ya sani."

Shatu ta zauna a kan bulo. Shekara goma sha ɗaya tana jin takunsa yana hawa matakalar nan yana sauka, ba ta taɓa bin sa ta ga abin da yake yi ba. Kullum tana cewa sai ta sauke tukunya.

"Zan kawo miki wani daga Ɗa'ifa," in ji Muhsin.

"A'a. Ka bar shi. A sauke duron kawai."

Sai da maza uku suka kama kafin duron ya sauka, ruwan laka na tsiyaya a matakala. Tahani ta ɗauko tsumma za ta goge, uwar ta karɓe.

"Je ki zuba wa baƙo shayi," ta ce, ta durƙusa ta fara gogewa daga sama.